Takarda ta ce lafiya lau, ni kuma da nake wuni da ita ina ganin wani abu daban

Maman_Khalil_Bronx
Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu aikin asibiti da masu karatun lafiya ku taimaka min. Aikin kula da tsofaffi nake a gidajensu a nan New York, yawancin waɗanda ake tura ni wajensu mata ne baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar kuma kusan duk da ciwon suga. Akwai wadda nake wajenta yanzu ta haura 80, duk wata uku a ɗebi jininta a yi gwajin suga na A1c, na ƙarshe ya fito 6.8 likita har yana yaba mata, sai a miƙo mata fom wai ya lafiyarki gaba ɗaya ta zaɓi mai kyau, kina yawan baƙin ciki ta ce a'a, shi kenan a sallame mu. To ni na san matar nan ba ta iya sa safa da kanta, wani lokacin in na zo da safe in tarar jikinta na rawa tana gumi sai ta sha lemo take dawowa daidai, ta daina zuwa coci wanda da can shi ne rayuwarta, dare kuma ƙafafu su hana ta barci da zugi. Wai me ake aunawa ne a ce mutum lafiyarsa ƙalau? Ko ni ce ban gane ba?

NasHadiza_ATL
Wa alaikumus salam. Farko dai Maman Khalil kar ki ƙara wani bayani da za a iya gane matar, ba unguwa ba hoto, kin san dokar sirrin marasa lafiya a ƙasar nan ba wasa, aiki ake rasawa. Na biyu wanda ya fi muhimmanci, rawar jiki da gumin safen nan alamar faɗuwar suga ce, yau ɗin nan ki kira nas ɗin da ke riƙe da fayil ɗinta ki gaya mata. In abin ya sake zuwa ta huda yatsa ta auna ke kuma ki rubuta lokaci da lamba, duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwa ce. Mace mai waɗannan shekarun da 6.8 in tana kan allurar insulin ko ƙwayar suga ta glipizide ni ban ga abin tafi ba.

Bintalo22
Ikon Allah, ni fa na ɗauka ƙasa da 7 ɗin ake nema

Dr_Bichi
@Bintalo22 haka ne ga matashi ko mai matsakaicin shekaru. Shi A1c yana nuna yawan sugan da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini ne, su kuma ƙwayoyin kamar kwana 120 suke rayuwa, shi ya sa ake cewa lissafin wata biyu zuwa uku ne. Daga 5.7 zuwa 6.4 ana bakin ƙofa, 6.5 zuwa sama an shiga. Inda gizo ke saƙa shi ne wadda suganta ke hawa 250 da yamma ya faɗo 55 da asuba za ta iya fitowa da lamba ɗaya da wadda nata ke zaune lafiya a 150. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka da kanta ta ce tsohon da ke da cututtuka da yawa ko ya fara kasa yi wa kansa hidima a sassauta masa zuwa ƙasa da 8. A 2008 ma sai da aka dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD inda ake ƙoƙarin danne A1c ƙasa da 6 da magunguna, saboda an ga mutuwa ta fi yawa a wannan rukunin. Tsohuwa suga ya faɗi ta zube a banɗaki ta karya ƙugu, wannan ya fi 7.8 haɗari nesa ba kusa ba.

Yar_Zariya_MPH
Anti kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi wlh, kan wannan nake aikin kammala digirina. Dr ya yi maganar jini bari ni in yi ta fom. Wanda aka fi amfani da shi a bincike sunansa SF-36, tambaya 36 ce a ɓangare takwas, ƙarfin jiki, ciwo, kuzari, cuɗanya da mutane, yanayin zuciya da sauransu. Yana da amfani ba ƙarya, amma ku ji irin misalan da ke ciki, wai lafiyarki na hana ki aiki matsakaici kamar matsar da tebur, tura injin share kafet, wasan bowling ko golf. Na zauna da wata dattijuwa a wata cibiyar tsofaffi ina karanta mata wannan layin, ta sauke gilashinta ta kalle ni ta ce yarinya kin taɓa ganina da sandar golf? Ta ce tambaye ni ko ina iya tsayawa in gama girkin Lahadi ba tare da na zauna ba, tambaye ni ko ina iya hawa matattakalar coci. A fom ɗin nan kaf babu tambaya ɗaya kan ibada, babu kan jikokin da take riƙo, babu kan ko kuɗin magani ya kai ƙarshen wata, alhali in ka bar su su yi magana da kansu waɗannan ukun suke fara kawowa.

DanZango_Nima
Hahaha golf. To amma 'yan uwa wannan ai halin iyayenmu ne sak. Tsohuwata a Accra ƙafa ta kumbura ba ta iya sa takalmi, ka kira ta a waya Mma ya jiki, da sauƙi Alhamdulillahi. Ranar da aka kwantar da ita ma da sauƙi ta ce wa dokita.

Yar_Zariya_MPH
@DanZango_Nima akwai kama amma nasu da tarihinsa daban. Wata farfesar aikin jinya a Jami'ar North Carolina, Cheryl Woods-Giscombé, ta yi rubutu a 2010 kan yadda matan nan ke tasowa da jin cewa dole su nuna ƙarfi, dole su haɗiye damuwa, kar su dogara da kowa, su yi nasara ko ba komai a hannu, kuma su ɗauki nauyin kowa. Mace ta yi shekara 70 a haka sai ka miƙo mata PHQ-9, tambaya tara kan ko ta ji karayar zuciya a sati biyun da suka wuce, kana tsammanin ta yi maka kuka a takarda? Za ta ce dai na gaji, ba na barci, jikina ciwo. Ita a wajenta cewa ina cikin damuwa kamar butulce wa Allah ne.

Kawu_Bala_Fagge
Ku yi haƙuri amma ni abin dariya yake ba ni. Mu a nan tsohuwa sai ido ya fara rufewa ko yatsa ya ruɓe ake sanin tana da suga, tsinken gwajin ma sai an yi karo-karo ake saye, ku kuna can kuna jimamin an tambayi mutum golf. Wadda ake auna ta duk wata uku ai ta gode Allah.

Maman_Khalil_Bronx
Kawu gaskiyarka a wani ɓangaren, amma ka zo ka ga cibiyoyin wankin ƙoda na unguwannin nan ka ga su wa ke layi, sannan mu yi magana. Nas Hadiza na gode na kira, an ce za a zo gobe.

Dr_Bichi
Kawu Bala a yi mana afuwa, lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC ya nuna cikin manyan baƙaƙen fata kusan 12 cikin 100 an tabbatar suna da suga, farare kuma wajen 7. Gazawar ƙoda a wajensu ta ninka ta farare kusan sau uku, yanke ƙafa ma sun fi. Kenan yawan gwaji bai hana su shan wuya ba, tambayar Maman Khalil tana kan hanya. Ga ma wani misali, har zuwa 2021 lissafin ƙarfin ƙoda da ake kira eGFR ana ƙara wa baƙar fata maki a kai don kawai baƙi ne, sai ƙodarsa ta fito a takarda ta fi yadda take lafiya, a makara wajen tura shi ga likitan ƙoda. Sai a shekarar ƙungiyoyin likitocin ƙoda suka ce a cire launin fata daga lissafin.

Ummu_Sadiq
Dr dan Allah ni AS ce kuma ina da suga, an taɓa ce min A1c ba ya faɗar gaskiya a kanmu, haka ne?

Dr_Bichi
Hajiya akwai ƙamshin gaskiya. A 2017 an buga wani nazari a mujallar JAMA da ya yi amfani da bayanan baƙaƙen Amurka, har da na binciken zuciya na garin Jackson a Mississippi, aka ga masu AS A1c ɗinsu na fitowa ƙasa da na masu AA da kusan 0.3 ko da sugan jininsu ɗaya ne. An yi ta muhawara bayan nan kan ko nau'in injin gwajin ne ya jawo, don wasu injinan na rikicewa da jinin sikila wasu ba sa yi. A can kusan jariri 1 cikin 13 na baƙaƙe da AS ake haifarsa, mu a Najeriya kusan 1 cikin 4 ne, kin ga abin ya fi shafarmu. Ƙarancin jini, ciwon ƙoda da ƙarin jini duk suna karkatar da shi. Ki gaya wa likitanki ke AS ce, ki riƙa haɗawa da gwajin yatsa, akwai kuma gwajin fructosamine mai nuna sati biyu zuwa uku.

Abdu_Maradi
Ni lambobinku ke ruɗa ni, 70, 150, 250. Mu nan Nijar lokotoro ce maka zai yi 1,26 ko 2 gram, uwata ta taɓa kai 3 aka riƙe ta a likita. Ɗaya ne ko daban?

NasHadiza_ATL
@Abdu_Maradi ɗaya ne awon ne ya bambanta. 1,26 naku shi ne 126 namu, 3 ɗin mama 300 kenan, Allah ya ƙara mata lafiya. 'Yan Ghana da Ingila kuma raba namu suke da 18, 126 ya zama 7.

Malam_Idi_Lab
Ni fa ina ganin kuna neman rage wa gwaji daraja. Shekaruna a ɗakin gwaji sun nuna min mutum zai ce maka garau yake ji alhali ƙodarsa na zubar da furotin a fitsari, idonsa na tsiyayar jini ta ciki bai sani ba. Suga ba ya sallama. Jin daɗin zuciya ba ya hana makanta. In aka ce a koma tambayar tsohuwa ko tana zuwa coci a bar A1c da gwajin fitsari da duba ido na shekara, wlh cutar ta aka yi. Kuma ya za ka auna farin ciki? Yau ta yi faɗa da jikanta ta ba ka amsa ɗaya, gobe ya kawo mata fure ta ba ka wata.

Yar_Zariya_MPH
Malam Idi ba wanda ya ce a bar gwaji fa. Kuma ana auna shi, akwai ma'auni na musamman na gajiya da ciwon suga, PAID mai tambaya 20 da wani mai 17, suna tambaya ne kan tsoron faɗuwar suga, jin cewa ciwon ya cinye maka rayuwa, jin likita ba ya sauraronka. Wanda makinsa ya yi sama a nan sau da yawa shi ne ke tsallake magani, kenan a ƙarshe a A1c ɗinka zai bayyana. Ita kanta tambaya ɗayan nan ta ya lafiyarki gaba ɗaya, tun a 1997 aka tattara nazarce-nazarce aka ga tana hasashen wanda zai riga mutuwa ko da an cire abin da gwaji ya nuna. Damuwata kawai in mace ta saba cewa mai kyau komai tsanani to tambayar ta dushe a kanta.

Malam_Idi_Lab
To kin dawo kan maganata kenan, baki na iya ɓoyewa jini ba ya ɓoyewa

NasHadiza_ATL
Malam jinin ai shi ne ya ce 6.8 matar na rawar jiki da safe 😅

Hajiya_Baltimore
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na fi yawancinku daɗewa a ƙasar nan kuma maƙwabtana duk baƙaƙen Amurka ne. Abin da yaranmu sababbin zuwa ba sa lura da shi, macen da ke da 80 yau ta girma ne lokacin da a kudu asibiti ke da ƙofar farare da ta baƙaƙe, sai bayan dokar hana wariya ta 1964 da zuwan Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, a 1966 aka tilasta haɗewa. Tana da wayonta a 1972 lokacin da asirin Tuskegee ya tonu, shekara 40 ana kallon maza baƙaƙe da ciwon sanyi na tunjere an hana su magani don a ga yadda zai ƙare da su. Fannie Lou Hamer, 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙe, an cire mata mahaifa a 1961 ba da saninta ba ta je a cire mata ƙari ne kawai. A nan garin namu aka ɗebi ƙwayoyin jikin wata baƙar mata Henrietta Lacks a 1951 ba a tambaye ta ba. Duk sun san labaran nan tun kafin a rubuta su a littafi. Sannan ga tsoro na yanzu, maƙwabciyata ta faɗa min da bakinta in ta rubuta cewa ta faɗi sau biyu ko tana mantuwa, 'ya'yanta da asibiti za su haɗa kai a kai ta gidan tsofaffi a sayar da gidan da ta yi shekara 30 tana biya. Ku ce min wa zai rubuta gaskiya a haka. Amma ki zauna da ita a baranda ki taya ta gyaran ganyen collard, kafin ku gama kwano ɗaya kin ji komai har da maganin da take rabawa biyu.

Bintalo22
Hajiya Allah ya saka, ban taɓa jin wannan ba. Raba magani kuma? Ba kyauta ake ba tsofaffi ba?

NasHadiza_ATL
Kyauta a Amurka? Medicare daga shekara 65 yake farawa kuma akwai abin da kake cikawa daga aljihunka. Insulin dai tun Janairun 2023 an ƙayyade dala 35 a wata ga masu Medicare, ya taimaka sosai, amma tsohuwa ɗaya za ki gani da na suga, na hawan jini biyu, na kitse, na zugin ƙafa, na ido, ga haya ga wuta. Ni yanzu in ina karɓar mara lafiya ba na cewa kina shan maganinki, cewa nake a watan nan akwai ranar da kika tsallake don ya kai ki? Amsar ba ta zama ɗaya.

Maman_Khalil_Bronx
Nas ɗin ta zo ta duba injin gwajin, ashe yana ajiye lambobin baya, an samu na safe da yawa ƙasa da 70 har da 50 da wani abu. Ta kira likita an rage allurar dare, kuma suna maganar sa mata wannan abin da ake mannawa a hannu yana auna suga dare da rana. Ta kuma sa ta cire safa ta taɓa tafin ƙafar da wani siririn zare kamar na kamun kifi, wurare da dama ba ta ji ba sam.

Dr_Bichi
Madalla. Zaren nan matsin gram 10 yake yi wa fata, arha ne kuma ko a ƙauye ana iya yi. Tunda an zo nan ga abin da ni nake ganin ya fi fom, kuma @Malam_Idi_Lab zai so shi don da agogo ake yi. A sa ta tashi daga kujera ta yi tafiyar mita 3 ta juyo ta zauna, in ta kai daƙiƙa 12 ko fiye tana cikin haɗarin faɗuwa. Sai a duba wanka, sa kaya, banɗaki, cin abinci, tashi daga gado, tana yi da kanta ko sai an kama ta. Sai cefane, girki, lissafin kuɗi, tsara magani. Waɗannan ba sai ta buɗe maka zuciyarta ba, ido ke gani, kuma mai kula da ita kamar Maman Khalil ta fi kowa sanin amsar, sai dai ba kasafai ake tambayarta ba.

DanZango_Nima
Dr ka faɗi gaskiya, ni ma aikin nake a Bronx, ka raka mutum asibiti a bar ka a kujerar waje kamar direba.

Zee_Houston
Ni abincin ne ya tsaya min. Abokiyar aikina ta gayyace ni cin abinci bayan cocinsu, makaroni da cuku, biredin masara, dankalin Hausa da aka dafa da suga, shayi mai sanyi zaƙi har maƙogwaro, kuma tsofaffin matan su ne masu girkin su ne masu rabawa. Ka ce wa irin wannan ta daina ai ka cire ta daga cikin mutane ne. Wata ta ce min likita ya ba ta takardar abinci babu abu ɗaya a ciki da ta taɓa dafawa.

Ummu_Sadiq
Kamar ni da aka ce in bar tuwo da fura in koma salak 😂 a gidan suna kowa na kallona

Yar_Zariya_MPH
@Zee_Houston shi ya sa shirye-shiryen da suka fi karɓuwa a wajensu ta coci ake bi, a rage gishiri da suga a girkin da suka sani, a sa naman talotalo a ganye maimakon na alade. Akwai kuma abin da Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ta kawo tun 1992, cewa wahalar wariya da talauci na tsofar da jikin baƙar mace da wuri, daga baya aka gwada aunawa ta hanyar haɗa hawan jini, kitse, suga da alamun kumburin jiki a maki ɗaya, baƙaƙen mata suka fito sama da kowa har da waɗanda ba talakawa ba. To wannan jini ne Malam Idi, amma damuwa yake aunawa.

Malam_Idi_Lab
Wannan na yarda da shi. Na ibada ne har yanzu ban gamsu ba, in ta ce imaninta ya ƙaru ka ba ta maki nawa? Kuma na ga masu cewa Allah ya warkar da su su ajiye magani, a can da nan duka.

Hajiya_Baltimore
Malam ba imaninta za ka auna ba, tambaya za ka yi yaushe rabonki da coci, me ya hana ki. In ta ce matattakala ka san gwiwa ce ko numfashi, in ta ce ba na gani da kyau a tuƙi ka san ido ne, in ta ce fitsari ke matsa min ana tsakiyar wa'azi ka san suga ne ko magani, in ta yi shiru ka san akwai magana.

Kawu_Bala_Fagge
To ni dai wannan na kujera da mita 3 zan gwada wa Inna yau tunda ba kuɗi. Dr da sandarta za ta yi ko a karɓe?

Dr_Bichi
Da sandarta Kawu, da takalmin da ta saba sawa, kujera mai hannu, kuma ka tsaya kusa da ita. Kar ka ce ta yi sauri, tafiyarta ta kullum.

Abdu_Maradi
Wannan zaren na ƙafa fa, ana samun shi a farmasi ko sai a likita?